Yadda Ake Kafa Madafar Ciyar da Ɗalibai a Makarantar Ƙauye da Kuɗin Taimako

Karon farko da muka yi wannan aiki, da gini muka fara. Wani bawan Allah ɗan asalin garin da ke kasuwanci a birni ya ba da siminti da kwano, aka tayar da ɗakin girki mai kyau, aka shafa fenti, aka gayyato manya suka buɗe. Mako bakwai ana ɗora tukunya, sai hatsi ya ƙare. Da na koma bayan shekara, awaki na tarar suna kwance a ciki. Tun daga ranar na juya tsarin: lissafi da sito a gaba, gini a baya. Haka zan jero muku shi a nan.

Kada kuma ku zauna jiran gwamnati. Shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 ya tsaya ne kan 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a lokacin, kuma akasari mata ne suka riƙa dafawa a gidajensu su kawo makaranta a kula. Shi ya sa makarantun da suka ci moriyarsa ma ba su gaji madafa ko sito ba. In shirin ya zo garinku, alhamdu lillahi, ya zama ƙari a kan naku.

Kayan da za ku tanada

Lissafin nan na makaranta ce mai yara kamar 200. Ku ƙara ko ku rage daidai da taku.

Na girki: manyan tukwanen dalma guda uku irin na gidan biki, biyu na tuwo ko dafa-duka, ɗaya ta miya. Muciya biyu, manyan ludaya, mara, rariya, faifai, turmi da taɓarya, wuƙaƙe, robobi manya na wanke hatsi, da bokitai masu murfi na kai abinci aji.

Na ci: kwanon silba da kofi ga kowane yaro. Na roba ya fi araha, amma ba ya kai zango biyu. In kuɗi bai kai ba, kowane yaro ya zo da kwanonsa daga gida.

Na ruwa: duro biyu masu murfi ko tanki, jarkoki sababbi, baro, sabulu.

Na sito: sikeli mai rataya, buhunan PICS masu ɗauri uku (buhun adana hatsi mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga), katako ko itatuwa na ɗora buhu, kwaɗo biyu mabambanta, da littattafai biyu masu bango mai tauri, ɗaya na kuɗi, ɗaya na kaya. Sikelin da littattafan nan su ne mafi arha a jerin, kuma su ake mantawa.

Na gini: tubali ko bulo, azara ko katako, kwano, ƙofar ƙarfe ta sito, ragar waya ta tagogi, da siminti na daɓe.

1. Neman izini da ƙirga yara

Ku fara da shugaban makaranta, sannan ku tafi tare da shi wajen mai gari da liman. Daga nan a rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a nemi amincewarsa a rubuce. Filin makaranta na hukuma ne, kuma ana yi wa shugabannin makarantu canjin wurin aiki. In wanda kuka yi magana da shi ta fatar baki ya tashi, takardar nan ce za ta tsaya muku.

Sai ƙirga. Kada ku ɗauki adadin rajista. Ku je makarantar da kanku sau uku ba tare da sanarwa ba, ɗaya daga ciki ya kasance ranar kasuwa, ku ƙirga kawunan da ke zaune. Na sha ganin rajista mai sunaye 400 alhali yaran da ke zuwa ba su kai rabi ba. Bayan kun samu adadin gaskiya, ku ɗora aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kai, domin da zarar ƙamshi ya tashi, yarinyar da ke talla da yaron da ke kiwo za su dawo aji, wasu har da ƙannensu a goye. Dawowar tasu ai ita ce manufar aikin, to kada ta zo muku ba shiri.

2. Kafa kwamiti

Mutum bakwai sun isa. In makarantar tana da kwamitin kula da ita na al'umma, wanda ake kira SBMC, ku kafa naku a ƙarƙashinsa don kada a yi sarki biyu a gari ɗaya. A sa iyaye mata aƙalla uku, malami ɗaya, wakilin mai gari, wakilin matasa, da wani dattijo da gari ya shaida amanarsa. Shawarata, wadda wasu ba sa son ji: shugaban makaranta kada ya riƙe kuɗi, kada ya riƙe makullin sito shi kaɗai. Ba zargi ba ne, kare masa mutunci ne. Mai bayar da gudummawa mafi tsoka shi ma kada ya zama ma'aji.

In akwai banki kusa, a buɗe asusu da sunan kwamitin, mai sa hannun mutum uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Banki zai nemi takardar rajistar ƙungiya, wadda za ku iya farawa da ta ƙaramar hukuma. In babu hali, a mayar da kuɗi hatsi da mai a makon da suka shigo. Kuɗi a aljihun mutum ɗaya yakan gamu da rashin lafiyar iyali ko bikin 'ya, kuma daga "zan mayar" ake rasa zumunci.

3. Lissafin abinci

Nan ne zuciyar aikin, ku zauna da biro da takarda. Ma'aunin da nake amfani da shi ga yaro ɗaya a rana shi ne hatsi giram 120, wake giram 30, mai giram 10, gishiri giram 3, sai ganye da kayan miya gwargwadon samu.

Ga yara 200, a rana ke nan hatsi kilo 24, wake kilo 6, mai lita biyu da 'yan kai, gishiri ya ɗan haura rabin kilo. Zangon karatu ɗaya, in an cire Asabar da Lahadi da hutun tsakiya, yakan ba da kwanakin girki kamar 60. Sai ya zama hatsi kilo 1,440, wato kusan buhu 15 masu kilo ɗari, wake kusan buhu huɗu, mai jarka biyar zuwa shida masu lita 25. A shekara kuwa, hatsi buhu 45, wake kamar buhu 11. In dawa ko masara ce da za a surfa, ku ƙara buhu biyu ko uku a kowane zango, saboda dusa tana cin nauyi.

Yawancin kwamitoci a nan jikinsu ke yin sanyi. To ku sake duba shi ta wata fuska. A kasuwannin da na sani, buhu yakan ɗauki kwano 40, buhu 45 ke nan kwano 1,800. In garin yana da magidanta 150, kwano 12 ne ya hau kan kowa a shekara, kuma a lokacin kaka ba abu ne mai nauyi ba ga mafi yawansu. Abin da ke buƙatar tsabar kuɗi shi ne mai, gishiri, niƙa, itace, sabulu da alawus ɗin masu girki. Su za ku nema wajen masu hali.

Ƙa'idata ita ce, ba a kunna wuta sai abincin zango guda cif yana cikin sito, kuma an san inda na zango na biyu zai fito. In abin da kuka tara bai kai ba, ku fara da 'yan aji ɗaya zuwa uku, ko ku fara da kwana uku a mako. Ƙarawa daga baya abin yabo ne, ragewa kuwa surutu take jawowa.

4. Tara gudummawa

Lokaci shi ne komai. Ku yi yekuwar hatsi daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da rumbuna ke cike kuma farashi ya faɗi. Wanda ya zo neman dawa a watan Yuli, sa'ad da mai gida ke auna wa iyalinsa da ƙyar, ya makara. Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, mai gari ya fara zuba nasa a gaban jama'a, matasa su zaga da baro gida-gida, ana rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, ko da kwano ɗaya ne. Wanda ba shi da hatsi ya kawo karan dawa, ko itace, ko ya ɗauki ɗiban ruwa na mako.

'Yan asalin gari da ke birane kuwa, zauren WhatsApp ya wadatar. Abin da na lura shi ne sun fi son a ce musu "jarkar mai ɗaya" ko "alawus ɗin mai girki na wata uku" da a ce "ku taimaka da abin da ya sawwaƙa". Mutum yana son sanin abin da kuɗinsa ya zama. Za ku kuma haɗu da mai son gini kawai, domin gini ake gani, shi ake manna wa suna. Ku karɓa da godiya, amma ku roƙe shi ya haɗa da man girki na shekara guda.

Maganar zakka tana tasowa kullum, tunda manoma suna fitar da ushirin amfanin gona a daidai wannan lokaci. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade waɗanda ake bai wa zakka, kuma cikin yaran makaranta akwai 'ya'yan mabuƙata akwai na masu hali. Don haka kada kwamiti ya yanke hukunci da kansa, ku kai wa malaman garin su faɗa muku yadda za a yi. Mu dai gini da tukwane daga sadaka da waƙafi muke yin su. In aka dace da mai bayar da gona waƙafi, a rubuta da shaidu, a riƙa noma ta da gayya, wake da gyaɗa a gaba.

Abu ɗaya da na hana a duk inda na yi aiki: ɗaukar hoton yaro da tsummokara yana miƙa kwano don a motsa zuciyar masu kuɗi. Ɗan wani ne. Ku ɗauki hoton buhuna, da tukunya, da shafin littafin lissafi.

5. Sito

In makarantar tana da ɗaki mai ƙofa da rufin da ba ya yoyo, ku gyara shi, ba sai an gina sabo ba. A toshe ramukan ɓera da siminti, a sa raga a taga. Buhu ba ya taɓa ƙasa, ba ya jingina da bango: a jera katako a ɗora, a bar tazarar da mutum zai iya zagayawa da tsintsiya. Kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya wajen malami, ɗaya wajen uwa daga cikin kwamiti.

Hatsi ya bushe sarai kafin ya shiga. Ku ciza ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa a mayar da ita rana. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta canza launi, ko take ɗaci, a zubar. Dafin da fumfuna ke bari yana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Kada kunyar wanda ya kawo ta sa ku karɓa.

Wake shi ne mai wahala saboda ƙwari. Ku zuba shi a buhun PICS, a matse iska, a ɗaure leda ta ciki, a ɗaure ta biyu, a ɗaure buhun waje, kowanne daban. Rashin iska ne ke kashe ƙwaron, ba a sa magani ko kaɗan. In babu PICS, jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam yana yin aikin, muddin an cika shi har baki kuma ba a buɗewa sai za a yi amfani da shi. Kada wani ya ba ku shawarar yayyafa fiya-fiya ko Sniper. Ragowar irin wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Haka kuma irin shuka da aka turara da magani, mai launin ja ko shuɗi, ba abinci ba ne ko an wanke shi sau goma.

Ku riƙe wannan da kyau: jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ba ta shiga madafa har abada. A watan Yulin 2013, a wani ƙauye na jihar Bihar ta Indiya, yara 23 suka rasu bayan cin abincin makaranta, bincike ya nuna man girkin ya gurɓata da maganin ƙwari. Takin zamani da maganin feshin gonar makaranta ma a nema musu wani ɗakin.

Kowace safiya a auna abin da za a fitar da sikeli, a rubuta, mutum biyu su sa hannu. Buhun da ya riga shiga shi ke riga fita.

6. Madafa da murhu

Yanzu ne aka zo gini. Rumfa mai rufin kwano, da bango zuwa ƙirji, da daɓen siminti ta isa. A bar sama a buɗe hayaƙi ya fita. Bangon gabas a kai shi har sama, domin daga nan hadari ke tasowa, ƙofa kuma ta kalli yamma. A nisanta ta da masai da juji, a kuma ɗan ja ta daga azuzuwa. A yi ƙaramar ƙofa ko shinge, saboda yara da awaki duka suna son bakin wuta, kuma tukunyar da ke ɗauke da tuwon hatsi kilo 12 in ta kife a kan yaro ba ƙaramin abu ba ne.

Murhun duwatsu uku yana cin itace kamar ba gobe. Ku gina na laka da tubali wanda tukunya ke nutsewa ciki har kusan wuya, a bar tazarar yatsa ɗaya zuwa biyu tsakaninta da bangon murhun don zafi ya lashi gefenta, ƙofar itace guda ɗaya, da bututun hayaƙi a baya. A auna shi da ainihin tukunyar da za a riƙa ɗorawa. A bar shi ya bushe mako biyu, a fara da ƙaramar wuta, in ba haka ba zai tsage. Gas yana da tsafta, amma a ƙauyen da sai an yi tafiyar awa guda kafin a cika tukunyarsa, ban ga wanda ya ɗore ba.

In babu kuɗin gini sam, rumfar zana da murhun laka sun isa a fara, sai dai a kiyaye gobara lokacin hunturu.

7. Ruwa da wanke hannu

Girki da wanke-wanke da sha na yara 200 yana cin duro biyu zuwa uku a rana. In akwai rijiyar burtsatse, an huta. In rijiya ce ta guga ko ruwan tafki, na sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa na WaterGuard bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar. Wajen wanke hannu, a rataya galan mai ƙaramin huji a jikin sanda, a ɗaura igiya zuwa wani itace a ƙasa, yaro ya taka ruwa ya zubo. Guda biyar a jere suna sallamar aji cikin 'yan mintuna. Sabulu a ɗaure shi da igiya, in ba haka ba ƙafa yake yi. Ranar da babu, toka tana maye gurbinsa.

8. Masu girki

Mata uku da mai taimako ɗaya sun isa yara 200. A zaɓo su daga iyayen ɗalibai, domin wadda ɗanta zai ci daga tukunyar ba sai an tsaya a kanta ba. A kai su asibiti a duba lafiyarsu, musamman tarin fuka da taifot. Mai gudawa, ko tari, ko ƙurji a hannu ta huta har ta warke, kuma kada a yanke mata alawus saboda haka, in ba so kuke ta riƙa ɓoyewa ba.

Ku biya su. Mun taɓa gwada aikin sa kai, unguwa-unguwa ana karɓa-karɓa. Wata ɗaya ya yi kyau, da damina ta faɗi kowa ta tafi gonarta, kuma da gaskiyarsu. Ko kaɗan ne, a yanka musu abin da za a iya biya kowane wata ba fashi, su kuma ci daga abin da suka dafa a fili, a sa rabonsu cikin lissafi.

9. Abin da za a dafa

Abin da yaran suka saba ci a gida, a inganta shi. Dambun masara da zogale da ƙuli-ƙuli, faten tsaki da wake da alayyafo ko yakuwa, tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da garin wake, ɗanwake, kunun gyaɗa a ranakun sanyi. Shinkafa da wake sau ɗaya a mako in an samu. Kada ku fara da shinkafa kullum, ranar da kuka koma dawa za a ce an cinye kuɗin. Gishiri a sayi mai sinadarin aidin, a zuba shi dab da saukewa. Manja yana da amfani ga ido, ku riƙa sa shi ko sau biyu a mako. Wake a jiƙa shi tun dare, yana rage cin itace sosai. A dasa zogale a kewayen madafa, ruwan wanke hatsi ya ishe shi.

Ku kuma nemi ma'aikacin lafiya na yankin ya sa makarantar cikin masu karɓar maganin tsutsar ciki. Kada kwamiti ya sayo ya raba da kansa.

10. Rabo

A kira rajista da safe, a aika wa masu girki adadin waɗanda suka zo, a auna daidai da shi. A raba abinci lokacin hutun tara, wajen ƙarfe goma da rabi zuwa sha ɗaya. In aka raba da sassafe, wasu za su ci su sulale. In aka kai shi tashi, yaron da bai karya ba ya riga ya yi barci a darasi na biyu. Malami ɗaya da mai girki ɗaya su ci daga kowace tukunya rabin awa kafin yara. A fara da ƙananan azuzuwa, kowane aji a ɗakinsa, ludayi ɗaya ga kowa, malami yana tsaye don kada manya su ƙwace na ƙanana. Abin da ya rage a rabar a ranar, ba ya kwana.

Almajirai da ƙannen da ba su isa shiga aji ba za su taru a bakin madafa. Ku yanke shawara tun kafin ranar farko. Mu mukan ƙara kwano goma a awo saboda su, a ba su bayan an gama da azuzuwa. A watan azumi kuma a ci gaba da dafa wa ƙanana, a rage awo daidai da masu ci.

11. Lissafi a bainar jama'a da zango na uku

Kowace Juma'a a rubuta a allo a ƙofar sito: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, yara nawa suka ci. A ɗauki hoton allon a tura wa 'yan birni. Ƙarshen zango a ƙirga buhuna a gaban iyaye, a gwada da littafi. Giɓin kwano biyu ko uku na awo ne da zubewa. Giɓin buhu kuwa a tsaya a bincika a ranar, cikin sirri da mutunci, kafin magana ta fita kasuwa.

Zangon da ke farawa bayan hutun Afrilu shi ne mai kashe madafa. Hatsi ya yi tsada, rumbunan gida sun yi ƙasa, itace ya jiƙe, hanya ta lalace, kuma a lokacin ne yaran suka fi buƙatar abincin. Don haka tun a kaka ku ware kason wannan zango, ku ɗaure shi a PICS, ku rubuta a jikin buhunan, kada a taɓa ko an matsu a zango na biyu. A tara itace da kara a ƙarƙashin rufi tun watan Maris.

In duk da haka kuka ga ba zai kai ba, kada ku rage ludayi. Ku rage kwanaki, ku sanar da iyaye ranakun da za a dafa, kuma ku tabbata ranar kasuwar garin tana ciki, domin ita ce ranar da aji ya fi zama fayau.